Rigar Dogo

Damagaram ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba,
amma a shagona na Zango, bayan masu walda,
akwai layin dogo guda biyu,
kamu uku-uku, sumul kamar bayan tarwaɗa.
A motar Ɗan Jimo suka zo daga Kano,
naɗe cikin tsohon zane, kamar jarirai.

Wata bakwai ina harhaɗa injin nan.
Ƙafafunsa gadon asibiti ne da aka yar,
kansa tsohuwar kwamfutar ƙanena Zabeiru.
Ranar da ya fara sassaƙa da kansa,
ya rubuta sunan innata a kan allon maɗaci,
hannuna biyu suna cikin aljihu.
Mai shayi ya bar tukunya tana tafasa,
ya zo ya leƙa ƙarƙashi, ko na ɓoye yaro.

Sati uku yana sulalawa ba gargada.
Sai wata Laraba, ina tsakar yankan allon kanti,
na ji ƙuruss, ƙuruss,
kamar mai cin tuwo ya gamu da tsakuwa.
Da'irar da na zana ta fito ƙwai.
Harafi ya fito yana ɗingishi.

Na kwance boris, na juye a tafin hannu.
Ga garin katako, ga tsakin alminiyon,
sun kwaɓu da giris sun zama fura mai yashi.
Abin da injin ya tauna ya tofar,
shi ya lallaɓo ta baya yana cin sa.

Na rufe da kwali, kwali ya lanƙwashe.
Na yanko tib na babur, zafi ya dafa shi ya dare.
Na sa leda, haƙorin inji ya fizge ta ya naɗe,
sai da na ruga na kashe wuta.
Kowace magariba ni da tsohon buroshi,
ina sharar layi kamar mai tsince shinkafa,
jaka goma sha biyu ta boris tana min gizo.

Baba Kiyari baduku ya hawo daga Birni,
ya zo karɓar wani marfin akwati.
Ya daɗe yana kallo, goro a kunci.
Ya ce, kai yaro ka san ƙarfe,
amma ka bar abu tsirara a tsakar masussuka.
Bai nemi ma'auni ba. Ya ware yatsu,
taƙi, taƙi, taƙi, ya tafi abinsa.

Ran Lahadi sai ga shi da jar fatar akuya,
an karya ta ninki bisa ninki kamar zugazugin maƙeri.
Ya ce tana son haƙarƙari.
Muka fasa tsohuwar jarka,
injin da kansa, yana ɗingishinsa,
ya yanka ƙasusuwan rigar da zai saka.

Yanzu in ya tafi gabas, fata ta tattare,
in ya dawo yamma, ta miƙe tana numfashi.
Ɓarɓashi ya sauka, ya rasa ƙofa,
ya gangara ƙasa wajen tsintsiya.
Rigar ta cinye mini yatsu huɗu na tafiya,
babban ƙyaure ba ya shiga kuma sai na juya shi.
Na yafe.

Baba Kiyari ya ƙi karɓar ko dala.
Ya ce idonsa ya fara hazo,
zanen da yake bugawa a jikin jaka yana kuɓuce masa.
In sassaƙa masa hatimi, irin na ubansa,
mai tauraro a tsakiya, da ƙahonni takwas.

Yau da na rufe shago, na ɗaga gefen fatar,
na ja yatsa a kan dogo daga farko har ƙarshe.
Mai ne kawai, garau.
Na sunsuna: giris, da ɗan warin bagaruwa.